Lafiya Lau, In Ji Zailani

Talata, 28 ga Mayu, bayan La'asar

Na tsinci wannan littafin rubutu cikin tarkacen ofishin malamai. Wani ya cika shafi uku da lissafin da ya ƙi fita, ya watsar. Zan ɗora daga inda ya gaza.

Yau kwana goma sha tara da gobarar unguwar Ndogpassi, kwana goma sha bakwai da barikin pompiye, masu kashe gobara, suka ba ƙanena Zailani hutu ya dawo mana gida. 'Yan Kanon da ke kasuwanci a nan suna kiran aikinsu kwana-kwana. Shekara da shekaru sunan yana ba ni dariya. Yanzu matarsa Rahinatu ta ce ko kwana ɗaya ba ya yi, balle biyu.

Da safe na raka shi wajen likitansu, da yake pompiye a ƙasar nan soja ne, komai nasu da gaisuwar hannu a goshi. Likitan kyaftin ne, mutumin kudu, mai natsuwa. Ya ɗago kai ya ce, "Alors, caporal, ça va?" wato, to kofur, lafiya? Zailani ya tsaya kallon tagar ofishin. Ni kuwa shekara ashirin da shida ina koyar da Faransanci, ban iya ganin tambaya a tsaye ba amsa ba. Na ce, "Ça va, docteur. Gajiya ce kawai."

Ya rubuta. Ban taɓa ganin an rubuta amsar gaisuwa a takarda har an buga mata hatimi ba sai yau.

Za mu koma ranar Alhamis, 20 ga Yuni, bayan Layya. Idan likita ya rubuta apte, wato ya dace da aiki, Zailani zai sake hawa jar mota.

Alhamis, 30 ga Mayu, da hantsi

Ya yanke antibol ɗin tagar Inna, wato ƙarfen hana ɓarayi.

Ba ni da aji da safe, ina shan shayi na ji kukan zarto. Na fito na tarar ya riga ya cire sandunan ƙarfe huɗu, ya jera su a ƙasa daga dogo zuwa gajere. Inna tana tsaye da carbi a hannu.

"Auta, ɓarayin unguwar nan ta New Bell kake buɗe wa hanya?"

"Inna, in aka ce ki fita, ta ina za ki fita?"

"Ta ƙofa mana, kamar mutane."

"In ƙofar ce ta kama fa?"

Ta juyo gare ni. Inna ba ta taɓa faɗin sunana ba, ɗan fari ne ni, sai ta ce, "Kai wannan, ba za ka yi magana ba?"

Na ce iska za ta fi shiga. Ta dube ni irin kallon da take yi wa kifin da ya kwana.

Asabar, 1 ga Yuni, bayan Azahar

Tagata. Tagar ɗakin girki. Na ɗauka saura tasu, ashe ita ya fara cirewa tun ranar da ya dawo, ni ne ban lura ba.

Litinin, 3 ga Yuni, da yamma

Ilu mai soya, gasasshen naman nan, ya tare ni a bakin lungu. Teburinsa ya girmi aikina, hayaƙinsa ne ke nuna wa baƙo hanyar gidanmu. Metir yake kirana kamar kowa a unguwa, wato malamin makaranta.

"Metir, tsaya. Ni na yi wa ƙanenka wani abu ne?"

"Me ka gani?"

"Me ban gani ba? Mutum ya bar lungu shimfiɗe ya bi ta bayan masallaci, ya tsallake kwata biyu, don kada ya wuce gabana? Yaron da tun yana firamare nake ba shi ɗanɗano? In naman nawa ya yi wari a faɗa mini, ba a toshe hanci da hula ba."

Na ce likita ne ya hana shi maiƙo. Ilu ya ce ai maiƙo ta baki yake shiga, ba ta hanci ba. Ilu bai yi makaranta ba, shi ya sa ba a saurin ruɗa shi.

A gida kuma mako uku ke nan muna kan wake da busasshen kifi. Rahinatu ta daina soya nama. Ba wanda ya ce ta daina, ba kuma wanda ya tambaye ta dalili. Mu gidanmu akwai ladabi.

Laraba, 5 ga Yuni, lokacin tara a makaranta

Na san sunan abin. Kalma huɗu ne a Faransanci, na karanta shi a littattafai fiye da ɗaya, har na taɓa ja masa layi da jan biro. Na duba ƙamus ɗina na Hausa ko zan samu abin da zan faɗa wa Inna. Firgita ta yi kaɗan, ita takan wuce. Taɓuwa ta yi yawa, ita ba a wanke ta daga sunan gida.

Inna ba ta buƙatar ƙamus. Ta ce wurin da rayuka suka fita a gigice ba ya zama fanko, wani abu ne ya biyo shi gida. Ta aika wa Malam Zakariya'u. Zai zo ranar Asabar.

Na tambaye ta me Malam zai yi. Ta ce addu'a, da ɗan hayaƙi.

Na ce, "Hayaƙi, Inna?"

Ta ce, "Kai da hayaƙin na raine ka. Ga ka nan har da tabarau."

Ina da jimla uku a shirye, kowace da hujjarta. Na shanye su da ruwan shayi.

Asabar, 8 ga Yuni, bayan Azahar

Malam ya zo. Malam ya tafi.

Lahadi, 9 ga Yuni, da hantsi

Ruwa tun asuba. Kwatar bayan gida ta cika ta shigo tsakar gida da ledojin unguwa, har da takalmin wani ƙafa ɗaya. Ina da rubutun ɗalibai arba'in da bakwai da zan gyara. Taken shi ne "Ranar da ba zan manta ba." Talatin daga cikinsu sun je bakin teku a Kribi, ko da yake na san ba wanda ya taɓa wuce Yassa, ƙarshen garin nan.

Biro yana ba ni wuya. Wuyan hannuna ya kumbura.

Bargon Inna, mai hoton damisa, yana kan igiya ruwa na dukansa. Ya ƙone a gefe guda, faɗin tafin hannu. Kaskon ya fashe uku. Rahinatu ta share garwashin, ta share habbatus-saudar da ta watse, ta ɗauko hular Malam daga ƙarƙashin gado ta goge ta kai masa da kanta.

Ba laifin Malam ba ne. Ya yi abin da ya sani, ya yi shi da zuciya ɗaya, da ya tashi daga ƙasa ma addu'a ya ci gaba da yi. An zaunar da mutum, an sa masa kasko a gaba, an lulluɓe shi don hayaƙin ya shige shi sosai. Haka ake yi. Dole wani ya riƙe gefen bargon kada mara lafiya ya yaye.

Inna ba ta da ƙarfi. Rahinatu ta ƙi.

Ban san murya irin wannan tana cikin jikin ɗan'uwana ba. Ba Hausa ya yi ba. Da Faransanci yake ihu a kawo almakashin ƙarfe.

Saura rubutu goma sha bakwai.

Talata, 11 ga Yuni, bayan La'asar

Ba ya fitowa. Rahinatu tana ajiye abinci a bakin ƙofa. Da safe na tsaya na ce, "Zailani, ina kwana?" Daga ciki aka ce, "Lafiya lau." Na ce, "Ina gajiya?" Aka ce, "Ba gajiya." Na ce madalla.

Harshe ne mai kyau namu. Za ka iya tambayar mutum barcinsa, gajiyarsa, iyalinsa, aikinsa, ruwan jiya, tambaya bakwai a jere, ka tashi ba ka ji komai ba, kowa da mutuncinsa.

Alhamis, 13 ga Yuni, da tsakar rana

Na hau bensikin, wato babur ɗin haya, daga makaranta, ashe Ɗanlami ne ƙarƙashin hular kwanon. Ajinsu ɗaya da Zailani. Ya yi soja shekara shida a can arewa, kan iyaka, ya dawo ya ajiye kaki ba wanda ya san dalili, yanzu babur yake ja. Unguwa ta ce shaye-shaye ne. Unguwa ba ta taɓa rasa bayani ba.

Bai kai ni gida ba, ya tsaya a inuwar wani shago ya kashe babur.

"Metir, an ce kun yi masa hayaƙi."

"Inna ce ta..."

"An ce kai ka riƙe."

Ya ciro goro ya ɓare, bai ba ni ba.

"Ni tayar mota ce. In ta fashe a titi sai in ga kaina kwance a kwata, fasinja na tsaye yana zagina. Shekara huɗu ke nan. Ni ma likita ya tambaye ni ça va. Sau uku, zuwa uku. Na ce ça va, mon capitaine. Me zan ce? Gaishe ni ya yi."

Na ce to me ya kamata a yi.

"Kai ne mai littattafai." Ya tofar da ɓawon goro. "Jibi Layya ko? A'a, Lahadi. Ka san yadda New Bell take in an fara babbaka. Kai da ƙafa a kowane lungu, gashi na ƙonewa har La'asar. Ka yi tunanin inda za ka sa shi."

Ban yi wannan tunanin ba. Na karanta littattafai da yawa, ba wanda ya ambaci babbaka.

Asabar, 15 ga Yuni, da yamma

Ragon Inna ya iso, yana ɗaure daidai ƙarƙashin tagar da ba ta da ƙarfe, yana leƙa ta. Ta ce ko shi ya san gidan nan ba tsaro.

Lahadi, 16 ga Yuni, ranar Layya, bayan Magariba

Daga filin Idi ba mu koma gida ba. Ɗanlami yana jiranmu, muka hau mu biyu a bayansa, ni da babbar riga ina tattare ta kamar mai tsallake rafi. Muna fita unguwa hayaƙin farko yana tashi. Zailani ya kifa fuskarsa a bayan Ɗanlami har muka hau gadar kogin Wouri.

Ya sauke mu a gefen Bonabéri, bakin ruwa, inda masu yashi ke ɗaure jiragensu. Wurin warin laka yake yi da ruɓaɓɓen kifi. Ban taɓa jin daɗin wari irin na yau ba. Ɗanlami ya ce zai dawo da La'asar.

Mun fi awa biyu zaune a bakin ruwan. Na yi niyyar ba shi haƙuri kan bargon, na tsara yadda zan fara, sai shi ya riga ni.

"Yaya, mai sha biyu ne."

"Me?"

"Ƙarfen tagar gidan da ya ƙone. Mai sha biyu, an yi masa walda ciki da waje. Mai gidan ya ji tsoron ɓarayi sosai." Ya yi wata 'yar dariya. "Almakashin yana ɗaya motar. Ɗaya motar tana cikin cunkoso."

Na ce ba sai ya faɗa ba.

"Wata mata ta miƙo hannu ta tsakanin ƙarfen ta riƙe ni nan." Ya nuna wuyan hannunsa na hagu. "Ce mini take yi, mon fils, ɗana. Ba ta yi ihu ba. Ta ce in fara da na bayanta, su ƙanana ne. Na ce mata ça va aller, maman, komai zai yi daidai. Na faɗa ya fi sau ashirin. Har ta sake ni ina faɗa."

Wani jirgin yashi ya wuce, mai tuƙin ya ɗaga mana hannu, ya ga manyan riguna ya yi mana bonne fête, barka da Salla. Muka amsa.

Sauran abin da ya faɗa ba na littafin lissafin wani ba ne.

Da ya gama ya ce, "Yaya, amana. Ranar Alhamis kada ka ce komai. In suka rubuta a takardata, shi ke nan, sito za su kai ni in riƙa naɗe tiyo har in yi ritaya. A unguwa kuma ka san sunan da za a sa mini. Hafiza za ta girma a ce mata 'yar mahaukaci."

Hafiza 'yarsa ce, shekararta huɗu.

Na ce, "In ka koma, aka kira ku gobara fa?"

"Zan shiga."

"Na san za ka shiga. Fitowar nake tambaya."

Ya ɗauki tsakuwa ya jefa a ruwa. "Ka ce amana, Yaya."

Na ce amana. Ni na rubuta masa takardar neman aikin nan shekara tara da suka wuce, da Faransancin da har kwamandan ya yaba. Ban taɓa hana shi komai da aka nema da kalma mai kyau ba.

Mun dawo an gama babbaka, an yi ruwa ya wanke iska. Inna ta ajiye mana hanta. Ni na ci rabon mutum biyu don kada ta gane.

Litinin, 17 ga Yuni, da safe

Na ce, "Zailani, ina kwana?"

Ya buɗe ƙofa ya ce, "Ban kwana ba, Yaya. Sau biyu ta zo."

Ba a tanadi madalla don wannan ba. Na zauna a dokin ƙofarsa muka sha shayi kofi ɗaya. Shekara talatin da huɗu ina gaishe shi, yau ya fara amsa mini.

Talata, 18 ga Yuni, da safe

"Na ɗan samu bayan asuba." Ya ci rabin burodi.

Laraba, 19 ga Yuni, bayan La'asar

Ya goge takalman aiki, ya sa Rahinatu ta yi wa kakin guga. Ta kunna dutsen guga na gawayi a bayan gida, nesa da shi, amma iska ta juyo. Ina kallonsa. Yana tsaye da buroshi a hannu, idonsa a buɗe, ba ya nan. Hafiza ta ja masa wando tana Baba, Baba, bai ji ba. Na ƙirga a agogo, minti uku da wani abu.

Minti uku a tsakar gida ba komai ba ne. Na yi ta ƙoƙarin kada in lissafa minti uku a saman tsani, da wani a ƙasa yana riƙe, da wani a sama yana jira.

Rahinatu ta same ni a zaure. Ba ta saba tsayawa magana da ni ba.

"Yaya Metir, gobe kai za ka raka shi?"

"Ni ne."

"Wancan karon ya ce kai ka amsa masa."

"Haka ne."

"To." Ta gyara mayafi. "Ni dai ban iya Faransanci ba. Da na iya, da ban roƙi kowa ba."

Ta koma ciki. Ba ta roƙe ni komai ba, a rubuce dai.

Alhamis, 20 ga Yuni, bayan Azahar

Ofishin nan, tagar nan, da antibol ɗinta mai fenti kore. Kyaftin ya ɗago kai.

"Alors, caporal, ça va?"

Zailani ya ƙame, ƙirji a gaba. "Ça va, mon capitaine."

Likita ya jawo takarda ya cire murfin biro. Na ga inda zai rubuta, ɗan fili ne, kalmar harafi huɗu ce.

Na ce, "Docteur, a wurinmu wannan gaisuwa ce. Ko a gadon mutuwa ka tambayi Bahaushe haka zai ce maka. Ba ka tambaye shi ba tukuna. Ni ma wancan karon gaisuwarka na amsa."

Ya ajiye biron. Ya ce to yana saurare.

Na faɗi tagogi. Na faɗi teburin Ilu, da bargon, da wanda ya riƙe bargon. Na faɗi minti uku. Ban faɗi matar ba, wannan kaɗai na rage masa daga amanar, kamar wanda ya cinye tuwon baƙo ya bar masa cokali. Faransancina bai taɓa fita tsaf kamar yau ba, ko kuskure ɗaya babu.

Zailani bai dube ni ba. Cikin Hausa, a hankali, yana kallon bango, ya ce, "Yaya, ka gama?"

Likita ya ce in jira a waje. Sun yi kusan awa guda. Abin da aka rubuta: ba zai hau mota ba har wata shida, zai riƙa ganin wata likita duk Talata, kafin nan yana sito.

A bakin titi ya tare bensikin ya hau shi kaɗai. Na dawo a tasi, mu shida a ciki, wata mata da kwandon kifi a cinyata.

Labari ya riga ni isa, ban san ta ina ba. Ilu ya ce, "Metir, ashe abin har ya kai ga takarda? Allah Ya sawwaƙe," da muryar da ake yi wa gidan rasuwa. Inna ta ce na kai ɗanta gaban baƙo na tuɓe shi. Ta ce wannan ne amfanin bokon. Yau ko "kai wannan" ban samu ba.

Rahinatu ta aiko Hafiza da kwanon abinci. Wake da kifi, amma an sa mini ƙwai biyu a kai.

Juma'a, 21 ga Yuni, da safe

Na haɗa shayi kofi ɗaya na je ƙofarsa. Tana buɗe. Yana zaune a bakin gado cikin kaki, yana ɗaure igiyar takalmi, zai tafi naɗe tiyo. Idanunsa jajur. Ta tagar da ba ƙarfe ina hango ragowar itacen babbaka a lungu.

Na ce, "Zailani, ina kwana?"

Ya miƙe tsaye, kamar yadda ake yi wa babba. Ya ɗan rusuna.

"Lafiya lau, Yaya."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

Na tsaya da kofin a hannu har ya wuce ni.

Na ce madalla.